Harshen Ƙasa Yana Bukatar Littafi, Littafi Yana Bukatar Kanti

A cikin watan Maris na shekarar 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa na Jamhuriyar Nijar, ya kuma ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi ta tattauna wannan mataki a gidajen rediyo da ofisoshi da majalisun hira na unguwanni, kowa da irin tasa fahimta. Amma akwai tambaya guda wadda ba a cika tsayawa a kanta ba, alhali kuwa ita ce za ta nuna ko matakin zai yi saiwa. Idan mutumin Tasawa, ko na Madawa, ko na Magarya, ya gama karatun yaƙi da jahilci, ya ƙulle jika guda a aljihu da niyyar sayen littafin Hausa, wace ƙofa zai nufa? A yawancin garuruwan ƙasar nan babu kantin da za a nuna masa. A manyan birane ma, wato Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, kantunan da ake kira na littattafai sun fi dogara da cinikin kaye da bik da takardun ofis, kuma kasuwarsu ba ta ci sosai sai a watan Oktoba, lokacin komawa lakkwal. Harshen da doka ta ɗaukaka yana bukatar a same shi a kan takarda, takardar kuma tana bukatar wurin da talaka zai je ya saye ta.

Wannan ƙasa ba baƙuwar littafi ba ce. A Marata, cikin jahar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754, kuma har Agadas ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru domin neman ilimi. A wancan zamani da hannu ake kwafar littafi, da alƙalamin kara da tawada, cikin Larabci ko ajami, a naɗe shi a gafaka, uba ya bar wa ɗa. Takardar da ake rubutu a kanta daga Italiya take fitowa, ta sauka a Tarabulus, raƙuma su keto Sahara da ita, kuma malamai sun san ta da tambarinta na wata uku. Rubuce-rubucen hannu dubbai da marigayi Bubu Hama ya jagoranci tattarawa suna ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, shaida ce ta wannan gado. Abu biyu ke cikin wannan tarihi. Na ɗaya, mutanen ƙasar nan sun saba fitar da dukiya domin littafin da suka san darajarsa. Na biyu, tun asali takarda daga nesa take zuwa, kuma da tsada take isowa.

Littafin boko na Hausa kuwa a Zariya ya fara tsayawa da ƙafafunsa. A shekarar 1933 hukumar talifi ta can ta shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya da maɗaba'arsa, sannan a shekarun 1950 hukumar NORLA ta yi ta fitar da ƙananan littattafai masu arha domin waɗanda suka fito daga ajin karatun manya. A wannan ɓangare na iyaka lamarin ya sha bamban, domin lakkwal ta mulkin mallakar Faransa ba ta ba harsunan gida wuri ba. Saboda haka ranar 3 ga Agusta 1960 ta iske Nijar da ƴancin kai, amma kusan ba ta da bugaggen littafin Hausa nata na kanta.

Ba za a ce an zauna hannu rabbana ba bayan samun ƴanci. Tun farkon shekarun 1960 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak da sauransu. Jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii sun shiga ƙauyuka, ana karanta su a gindin itace. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1974 aka kafa cibiyar INDRAP domin tsara littattafan koyarwa, cibiyar CELHTO kuma ta buga tarihin baka da aka ɗauko daga bakin dattawa. A 1999 aka tsai da ƙa'idojin rubutu da ake bi, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda 10, Abdu Mijinguini ya wallafa ƙamusunsa na Hausa zuwa Faransanci, gidajen wallafa irin su Albasa da Gashingo suka fitar da littattafai cikin harsunan gida a shekarun 2000. Wannan aiki ne mai yawa, kuma waɗanda suka yi shi sun cancanci yabo.

Sai dai akwai rauni guda da ya bi wannan aiki tun daga farkonsa. Mafi yawan littattafan da kuɗin gwamnati ko na wani shirin taimako daga waje aka buga su. Akan raba su kyauta ga cibiyoyin karatu, sauran a jibge a sito. Ranar da shirin ya cika wa'adinsa, ranar ce littafin ke yankewa: ba a sake bugawa, ba a kai shi kasuwa, wanda ya ji labarinsa daga baya bai san inda zai same shi ba. An koya wa mutane karatu, ba a gina hanyar da littafi zai riƙa bi yana isa gare su kullum ba. Kyautar da ba ta ɗorewa takan kashe ciniki, domin ɗan kasuwa ba ya sa jarinsa cikin hajar da ake rabawa a banza yau, gobe kuma a neme ta a rasa.

Sana'ar littafi kamar murhu take, duwatsu uku ke riƙe da ita: mai rubutawa, da mai bugawa, da mai sayarwa. In aka zare ɗaya, tukunya ta kife. Marubuci ba zai ci gaba da ɓata dare yana rubutu ba in babu mai buga masa. Mai maɗaba'a ba zai sa injinsa aiki ba in bai ga inda haja za ta tafi ba. Mai kanti kuma ba zai biya hayar shago da kuɗin lantarki domin littafin da zai shekara a kan kanta yana shan ƙura ba. A ƙasar nan dutse na uku ne ya fi rauni, kuma raunin nasa ne ke karya sauran biyun.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke sa littafi tsada. Kafin injin ya fitar da kwafi na farko, sai an biya mai gyaran rubutu, da mai tsara shafuka, da mai zane, da farantan bugu. Wannan kuɗi ɗaya ne, ko kwafi kaɗan za a buga ko masu yawa. A ɗauki misali: in wannan share fage ya ci jika 500, aka buga kwafi 500, to kowane littafi ya ɗauki nauyin jika guda tun ba a yi maganar takarda ba. In kuwa kwafi 5000 aka buga, nauyin da ke kan kowane ɗaya bai wuce dala 20 ba. Ashe arhar littafi tana ga yawan abin da aka buga, yawan bugu kuma yana ga yawan wuraren sayarwa. Inda babu kantuna, mai wallafa kaɗan zai buga. In ya buga kaɗan, littafi ya yi tsada. In ya yi tsada, talaka ya juya baya. Daga nan sai a yanke hukunci cewa mutane ba sa son karatu. Wannan hukunci zalunci ne ga mai karatu, domin ba a taɓa kai masa haja daidai aljihunsa ba balle a san ko zai saya.

Bayan wannan sai maganar takarda da tawada da kayan gyaran inji, waɗanda duk daga waje ake shigo da su. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kuma cikin dare guda duk abin da ake sayowa daga Turai ya ninka kuɗi, har da littafi da takarda. Kantuna da yawa a ƙasashen da ke amfani da sefa ba su farfaɗo daga wannan bugu ba. Manyan masana'antun takarda na Najeriya, na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, waɗanda da sun zama madogara ta kusa, su ma sun durƙushe a shekarun 1990. Daga 2023 kuma, da iyakar Benin ta rufe, kayan da suka saba biyowa ta tashar Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru. Ƙasar da ba ta da bakin teku tana biyan nisa a kan kowane shafi.

Akwai kuma wata karkatacciyar ƙa'ida da ta daɗe tana cutar masu maɗaba'a a ƙasashen Afirka da dama. Yarjejeniyar Florence ta 1950, wadda UNESCO ta shirya, ta nemi a bar littattafai su ƙetare iyaka ba tare da kuɗin duwan ba, kuma wannan abu ne mai kyau. Ƙarin da aka yi mata a Nairobi a 1976 ya tanadi irin wannan sauƙi ga takarda da kayan buga littafi, amma ƙasashe kaɗan ne suka yi aiki da shi. Sakamakon haka, littafin da aka gama bugawa a Turai ko Asiya yakan shigo ba haraji, ita kuwa farar takardar da maɗaba'ar gida za ta yi aiki da ita a caje ta a bakin iyaka. Duk inda aka bar wannan tsari, an ba baƙo dama a kan ɗan gida, an kuma tura aikin yi zuwa wata ƙasa.

Babbar kasuwar littafi a kowace ƙasa mai tasowa ita ce ta littattafan lakkwal. Su ne geron wannan sana'a, sauran duk miya ce. Da ribarsu mai wallafa ke samun ƙarfin buga labari ko waƙa ko tarihi, da cinikinsu mai kanti ke riƙe shago har ƙarshen shekara. To, shekara da shekaru, kaso mafi girma na wannan kasuwa a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci yana hannun manyan kamfanonin Paris, irin su Edicef da Hatier na rukunin Hachette, da Nathan. Sharuɗɗan manyan kwangiloli, musamman waɗanda bankunan duniya ke biya, sukan nemi jari da lamuni da ƙaramin kamfanin gida ba zai iya kawowa ba. Idan kuma kaya suka iso, daga sito ake wucewa da su makarantu kai tsaye, mai kantin gari bai ga ko dala ba. Ƙasashen da suka sami gidajen wallafa masu ƙarfi da gangan suka gina su. Haka aka kafa CLE a Yawunde a 1963, haka Senegal ta kafa NEA a Dakar a 1972, Kodebuwa da Togo suka shigo cikinta, haka kuma ƙungiyar gama-kai ta Jamana ta tashi a Bamako a 1983.

Abin da ya rage wa mai kanti, injin fotokofi da ɓarayin bugu sun raba shi da shi. A kewayen jami'o'i da manyan makarantu, littafi guda yakan haifi ɗaruruwan kwafi ba tare da marubuci ko mai wallafa ya sami komi ba. Ba a zargin ɗalibin da ba shi da hali, domin rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Amma wajibi ne a san cewa kowane kwafin sata yana rage adadin da za a buga da halas, kuma an riga an ga yadda ƙarancin bugu ke ƙara tsada.

Masu cewa Bahaushe ba ya sayen littafi su leƙa bakin manyan masallatai ranar Juma'a, ko rumfunan masu littattafan addini a kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Ishiriniya ba sa kwantai. Daga Kasuwar Kurmi ta Kano ake sarin da yawa daga cikinsu, wasu daga Masar da Bairut, kuma babu wani shirin taimako da ke tallafa wa wannan ciniki. Yana tafiya ne domin akwai mai bukata, farashi daidai ne, kuma haja tana zuwa inda mutane ke taruwa. Haka nan daga tsakiyar shekarun 1980 aka ga bunƙasar adabin kasuwar Kano. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa sun fitar da littattafai a kan takarda mai arha, a rarraba labari kashi-kashi domin kowane kashi ya yi sauƙin saye. Littattafan sun shigo ta Ɗan Isa da Magarya da Birnin Ƙonni, matan aure da ƴan mata suna saye, suna haya, suna ba juna aro, kuma da yawa a cikinsu ta wannan hanya karatun boko ya zauna musu. Yau mafi yawan wannan adabi ya koma cikin wayar salula, ana tura shi ta WhatsApp da makamantansa, rumfunan da ke sayar da shi sun ragu ƙwarai. Masu karatu suna nan, hanyar isa gare su ce ta sauya.

Wannan matsala ba ta tsaya ga ƙasashe matalauta ba, kuma akwai abin koyo cikin yadda wasu suka tunkare ta. A Ingila an yi kusan shekara 100 ana bin yarjejeniyar da ta hana karya farashin littafi. Da ta rushe tsakanin 1995 da 1997, manyan kantunan kayan masarufi suka shiga sayar da littattafan da suka fi farin jini da rangwame mai yawa, ɗaruruwan ƙananan kantuna suka rufe. A Amurka kamfanin Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet a 1995, ya fito da na'urar karatu ta Kindle a 2007, kuma a 2011 kamfanin Borders, mai ɗaruruwan kantuna, ya karye. Faransa ta bi wata hanya daban. Dokar 10 ga Agusta 1981, wadda ake kira da sunan minista Jack Lang, ta ce mai wallafa ne ke yanka farashin littafi, kuma babu mai sayarwa, babba ko ƙarami, da zai rage fiye da kashi 5 cikin 100. Da wannan doka ƙasar ta riƙe kantuna masu zaman kansu sama da 3000. A 2021, lokacin annobar korona, ta sa kantunan littattafai cikin jerin wuraren da ba a rufewa, daga 2023 kuma ta wajabta mafi ƙarancin kuɗin aike a kan ƙananan odar littattafai ta intanet.

Ba a ce a kwafo dokar Faransa a liƙa wa Nijar ba. Can ana kare kantunan da ke akwai ne daga manyan ƴan kasuwa, nan kuwa kantunan ne ake son su samu. Abin ɗauka shi ne tushen maganar: hukuma ta yarda cewa littafi haja ce, amma ba irin sauran hajoji ba, kuma in aka bar shi ga kasuwa kaɗai, ƙarami ne ke fara mutuwa. Wani darasin shi ne, bayan shekaru masu yawa ana shelar mutuwar takarda, har yanzu bugaggen littafi ne ke ɗauke da mafi yawan cinikin littattafai a Faransa da Jamus da Amurka, ƙasashen da kusan kowa ke da waya da intanet.

Wasu za su ce tun da waya ta shiga hannun jama'a, me za a yi da takarda? Amsa ita ce waya tana bukatar caji, tana bukatar kuɗin intanet, tana lalacewa, ana sace ta, kuma a ƙauyuka da yawa lantarki bai kai ba. A gida guda sau da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida. Littafi kuwa in an saye shi sau ɗaya, uwargida ta karanta, yara su karanta, maƙwabci ya ara, bayan shekara 20 yana nan in an tsare shi daga gara da ruwa. Rubutun da ke yawo a waya galibi babu mai gyara shi, ba ya bin ƙa'idar rubutu, ba a san mai shi ba, kuma ɗan koyo yana ɗaukar kuskure a matsayin daidai. Duk da haka waya ba abokiyar gaba ba ce. Da ita mai kanti a Tawa zai yi odar kaya daga Yamai, ya biya ta hanyar aika kuɗi, motar haya ta kawo masa washegari. Injinan bugu na zamani kuma suna iya fitar da kwafi kaɗan a kan kuɗi mai sauƙi, abin da zai ba da damar dawo da tsofaffin littattafan da suka ɓace.

Wasu kuma za su ce ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da ta abinci ba ta da lokacin maganar littafi. Wannan magana tana da nauyi, amma a duba abin da ake hasara. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai 4 cikin 10 ba, kuma kusan rabin al'umma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kowane mutum da aka koya wa karatu, an kashe kuɗin ƙasa a kansa: albashin malami, da allo, da alli, da watannin rani da ya bar sana'arsa. Malaman karatun manya sun daɗe da sanin cewa wanda ya fito daga aji bai sami abin karantawa ba, cikin ƴan shekaru baƙaƙe ke gudu daga idonsa. Ke nan an yi shuka, an yi noma, an bar amfani a gona. Manomin da ya iya karanta sikeli da rasit ba a cutarsa wurin sayar da albasa ko wake. Uwar da ta iya karanta takardar magani ba ta ba ɗanta fiye da ƙima. Ma'ajin ƙungiyar gama-kai da ya iya riƙe littafin lissafi shi ne garkuwar dukiyar jama'a. Duk wannan ba ya ɗorewa sai da abin karantawa a kusa.

Akwai kuma maganar mutunci. A Paris aka buga Sarraounia na Abdullahi Mamani a 1980, a can kuma aka buga da yawa daga littattafan Bubu Hama. Yaron da aka haifa a Lugu, garin da Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, da wuya ya sami wannan littafi a kusa da shi, balle cikin harshen da yake ji. Ƙasar da ke son riƙe ragamar al'amuranta ba za ta bar tarihinta a kantunan wasu ba. A watan Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda da taimakonta aka buɗe ɗakunan karatu na CLAC a wasu garuruwa. Ma'anar wannan ita ce nauyin cika waɗannan ɗakuna da sababbin littattafai ya dawo kan hukumomin gida.

Saboda haka akwai matakan da ya kamata mahukunta su duba. Na farko, a tabbatar da cewa takarda da tawada da kayan injin da za a buga littafi da su ba su ɗauki harajin da ya fi na littafin da aka bugo daga waje ba. Na biyu, a rarraba kwangilar littattafan lakkwal ƙanana-ƙanana yadda kamfanonin gida za su iya shiga, a kuma biya su kan lokaci, domin bashin hukuma da ya daɗe ya fi gobara kashe ƙaramar maɗaba'a. Na uku, abin da makarantu da ofisoshi da ɗakunan karatu za su saya, a saye shi ta hannun kantunan jahohinsu. Na huɗu, littattafan da INDRAP da CELHTO da ma'aikatar yaƙi da jahilci suka buga tun shekarun baya, a tattara su, a gyara rubutunsu bisa ƙa'idar yau, a ba masu wallafa izinin sake buga su domin sayarwa. Na biyar, duk shirin karatun manya da za a amince da shi, a ware masa kaso na abin karantawa bayan aji, kuma a sayar da shi da ɗan kuɗi kaɗan maimakon rabawa kyauta. Na shida, a ƙarfafa ofishin kare haƙƙin mawallafa domin ya tsaya wa marubuta kamar yadda ake son ya tsaya wa mawaƙa. Kuma duk abin da aka yi wa Hausa a wannan fage, a yi wa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak da sauran harsunan ƙasar nan, domin maɗaba'a ɗaya ce, motar da za ta kai kaya ɗaya ce.

Ba sai an jira ginin kanti mai gilashi ba. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a bakin titi, da masu tebur a tashar mota, da masu littattafan addini da ke bin kasuwannin mako, su ne ƴan kasuwar littafi na gaskiya da ƙasar nan ke da su a yau, kuma sun san masu saye da fuska. Abin da suke bukata shi ne dillalin sari a kowane babban birnin jaha, wanda zai ba su kaya, ya karɓi abin da bai sayu ba. Magajin gari yana iya ba su rumfa a kasuwa, ya sassauta musu kuɗin wuri. Attajiran Maraɗi da Damagaram, waɗanda fataucinsu ya kai Kano da Lome da Dubai, suna da jarin da za su riƙe wannan sari in sun ga hukuma ta share hanya.

Ma'aikacin gwamnati ma yana da nasa rabo. Wanda ke karɓar albashi a ƙarshen wata, in ya sayi littafi ɗaya na marubucin ƙasa ya kai gida, ya yi wa sana'ar abin da jawabin biki ba zai yi mata ba. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci kuma kada ya ji kunyar tambaya: ya tambayi mai tebur, ya tambayi malami, ya tambayi magajin gari ina littafin Hausa, domin ɗan kasuwa abin da ake yawan tambaya shi yake sarowa. Mutum 10 a ƙauye in suka haɗa kuɗi suka sayi littafi 10, kowannensu ya sami 10 na karantawa. Marubuta su kuma su rubuta abin da jama'a ke bukata, cikin Hausa mai daɗin karatu: noman rani, da kiwo, da lafiyar mata da yara, da dokokin gona da gado, da tarihin Gobir da Katsina da Damagaram da Adar da Arewa, da labaran nishaɗi, domin mai karatu ba kullum yake son wa'azi ba.

Kowace shekara ana bikin ranar littafi ta duniya a 23 ga Afrilu, da ranar yaƙi da jahilci a 8 ga Satumba. Ana yin jawabai, ana raba takardun shaida, taro ya watse. Ma'aunin da ya dace a riƙa auna waɗannan ranaku da shi mai sauƙi ne: littattafai nawa aka buga cikin harsunan ƙasa a wannan shekara, kuma a garuruwa nawa mutum zai iya sayensu da kuɗinsa. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. In kowace jaha ta sami dillalin sari guda, kowace babbar kasuwa ta sami rumfar littafi guda, to mutumin Tasawa da jikarsa a aljihu ya san ƙofar da zai nufa. Allah ya ba mahukunta da jama'a ikon cika wannan aiki.